Yadda ake tunkarar batun buɗe shagon gwanjo a tsakiyar gidaje

Idan aka ga maƙwabci ya fasa katangar zaurensa ya sa ƙofar ƙarfe, aka kuma ji cewa mai gwanjo ne zai kama, lokacin magana shi ne yanzu, kafin a biya kuɗin haya. Da zarar ɗan kasuwa ya biya na shekara ya jibge dila goma a ciki, kowa zai ce ku tausaya masa.

A fara da takardar filin. Ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, gwamna ne ke ba da takardar shaidar mallaka, kuma a jikinta ake rubuta abin da aka ba da filin dominsa: zama ko kasuwanci. Mayar da gidan zama wurin kasuwanci yana buƙatar izinin hukumar tsara birane, wato KNUPDA a Kano, KASUPDA a Kaduna. Idan mai gidan bai nemi izinin ba, nan ƙarfinku yake. Sai dai gidaje da yawa a tsofaffin unguwanni ba su da komai sai takardar ciniki mai hatimin mai unguwa. A irin wannan hali hanyar ita ce mai unguwa, sannan dagaci, sannan hakimi.

Abin da ya fi kayar da maƙwabta shi ne ƙorafi maras kan gado. "Ba ma son gwanjo" ba hujja ba ce. Rabin masu sa hannu a takardar koken ma daga 'yan gwanjon kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano suke saya wa yaransu rigar sanyi. Cutarwa ake nunawa, a kuma auna ta. A ɗauko tef a gwada faɗin lungun, a rubuta abin da zai rage idan an kafa rumfa kuma adaidaita sahu biyu sun tsaya. A je wani shagon gwanjo ranar fasa dila a ga yadda cincirindo ke toshe hanya, da yadda leda da igiyar ɗaurin dila ke cika kwata. A ambaci gobara: tulin yadi, janareto da dutsen guga na gawayi a ɗaki ɗaya, bango ɗaya da ɗakin kwanan wani. Idan akwai ƙofar gida da ke kallon shagon, inda matan gidan za su riƙa ratsa taron maza, a faɗa a fili. Batun cewa kwastan ta haramta shigo da gwanjo kuwa, a bar shi, ba hurumin hukumar tsara birane ba ne.

Takardar koke kada ta wuce shafi ɗaya. Kowane mai sa hannu ya rubuta sunansa da lambar gidansa, kuma magidantan da ke kusa da shagon kaɗai. Sa hannu goma na gaske sun fi ɗari da aka tara a bakin masallaci, domin suna ɗaya na bogi ya isa ya zubar da ƙimar takardar. A kai kwafi biyu ofishin hukumar tsara birane, a sa a buga hatimin karɓa da kwanan wata a ɗaya, a dawo da shi.

Sau da yawa ba hanawa ake yi ba, sharuɗɗa ake gindayawa, don haka ku tafi da naku a rubuce: kada rumfa ta tsallake kwata, ba amsa-kuwwa, a rufe bayan isha'i, a sauke dila da sassafe, a ajiye tukunyar kashe gobara, shara kuma a wuyan mai shago. Mai gida da ɗan haya duka su sa hannu a gaban mai unguwa da shaidu biyu, don idan ɗan haya kaɗai ya sa, yarjejeniyar ta tafi da shi ranar da ya tashi.

Kada wani ya garƙame shagon da kwaɗo ko ya tura matasa. Mai yin haka shi zai kwana a caji ofis.