In an gayyace ku wasa waje, ga inda za ku fara

Mawaƙa da makaɗanmu na Bauchi, duk wanda aka kira wasa ƙasar waje don Allah kar ya fara da ɗinkin anko, ya fara da fasfo. Ka duba sunanka na fasfo da na NIN da na takardar gayyata su zama iri ɗaya, don wani yaro mai kalangu a unguwarmu haka ya rasa tafiya, nan Muhammad can Mohammed, kafin a gyara abokansa sun tashi, wallahi har yau abin yana min ciwo.

In Amurka ce ba kai za ka fara nema ba, wanda ya gayyace ku shi zai shigar da fom I-129, wato takardar nema muku izinin yin wasa, a can, kuma bizar masu wasan gargajiya P-3 ake ce mata. Tun Afrilun 2024 kuɗin fom ɗin ya tashi daga dala 460 zuwa 1,015, sai dai in mai gayyatar ƙaramar ƙungiya ce ana mata ragi, kuma fom ɗaya ba ya ɗaukar sama da mutum 25. Sai an amince sannan ku kama hanyar Jos zuwa Abuja intabiyun biza a ofishin jakadancin Amurka, ko Legas, abin yana cin watanni, to ku matsa wa mai gayyata ya fara da wuri kuma ku ajiye magana a rubuce wa zai biya. Kar wanda ya ruɗe ku ku je wasan kuɗi da bizar yawon buɗe ido.

Faransa da Jamus bizar Shengen ce, wato bizar haɗin gwiwa ta ƙasashen Turai da dama, kuɗinta yuro 90, zama bai wuce kwana 90 cikin kowane kwana 180 ba, ana iya nema tun saura wata shida.

Sai kayan kiɗa, nan ne mutane ba sa lura. Goge da fatar guza ake rufe ƙoƙonsa, guza kuwa tana cikin dabbobin da yarjejeniyar CITES, wadda ke kula da cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, ta sa wa ido, kwastan na iya riƙe maka shi a filin jirgi in ba ka da takardar izini. Ka nemi izinin tun kana gida, ko ka sa a rufa maka wani da fatar akuya na tafiya kawai.

Kuma ko nawa aka ba ku kar ku cusa sunan wanda ba ɗan ƙungiya ba, in ya ɓace a can ku za a hana biza gaba. Ku haɗa bidiyon wasanninku na biki da hawan sallah, da takardar kwangila, kowa ya riƙe kwafinsa ranar intabiyu.