Gara Ba Ta San Darajar Satifiket Ba: Kurakuran Masu Ajiye Bayanan Ɗalibai

Na daɗe ina riƙe da makullin ɗakin fayil a wata sakandare da ke cikin garin Gombe, kuma duk wanda aka turo ya taya ni aiki sai ya faɗa ramin da na gabansa ya faɗa. Bakina ya gaji, shi ya sa na ce bari in rubuta, wanda ya zo in miƙa masa.

Kuskuren da ya fi ci min rai shi ne na suna. Yaro ya shigo aji ɗaya, an tambaye shi, ya ce Mamman, akawu ya rubuta Mamman. Malamin aji ya sa Muhammadu a rijistar kiran suna, mai cike fom ɗin WAEC ya buga Mohammed, a takardar NIN kuma Muhammad ne. Yau sunan uba ne a gaba, gobe na kaka, jibi a maƙala masa Kumo ko Dukku don akwai takwaransa a ajin. Ba wanda zai ji a jikinsa sai bayan shekara shida, ranar rajistar JAMB, wadda tun 2021 ba ta yiwuwa sai da lambar NIN. A nan ne sunaye huɗu za su yi karo a kan mutum ɗaya.

Ni kaina na taɓa yin ɓarnar da hannuna. Wata yarinya mai ƙoƙari ta faɗa min ranar haihuwarta da baki, ina sauri, na buga ban nemi takarda ba. Ashe da wadda ke takardar hukumar ƙidaya akwai bambancin shekara guda. Ta samu gurbi a jami'a, aka zo tantancewa aka tsayar da ita. Mahaifinta, dattijo mai awon hatsi, ya zo ofis ya tsuguna bakin ƙofa, ya ƙi zama a kujera. Bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, "Malam, ni ban yi boko ba, ku na ba wa amana." Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Makonni muka kwashe tsakanin kotu, wajen takardar rantsuwa, da ofisoshin da kowanne ke cewa a dawo gobe.

Tun daga ranar ba na sa biro a babbar rijistar shiga sai na ga takardar haihuwa da idona, uba ko waliyyi ya ji an karanta masa, ya sa hannu ko ya dangwala. Kowace takarda daga wannan rijistar ake kwafo ta, ba daga bakin yaro ba. Kafin a tura sunaye WAEC ko NECO kuwa, ina buga jerin, kowane ɗalibi ya bi nasa harafi bayan harafi ya sa hannu. Yana cin kwana biyu, shugaban makaranta yana ƙorafi, ni kuwa ko a jikina. Kuma don Allah a daina ba kowane yaron da bai san ranarsa ba 1 ga Janairu. A aika gida a tambayi uwarsa, ita ba ta mantawa.

Sai wurin ajiya. Haba jama'a, wane ne ya ce a zuba fayil a kwalin taliya a jingine shi da bango? Na buɗe irin wannan kwalin bayan wata damina, daga sama lafiya lau, ina ɗagawa ƙasan ya zube kamar garin tuwo. Gara ta cinye sakamakon shekara uku, ta bar min ƙusoshin stefula masu tsatsa. Kabad na ƙarfe nake so, a ɗora shi kan bulo, a bar tazarar taki ɗaya tsakaninsa da bango, kuma kafin ruwan Agusta a hau a duba kwano. Kada ka ce tsofaffin takardu ne, ba mai nema. Za ka ga mutum da furfura ya shigo, ya gama tun muna cikin Jihar Bauchi, kafin a yanke Gombe a 1996, ana tantance ma'aikata ko zai tsaya takara, yana neman shaidar kammalawa yau yau. Me za ka ce masa?

Masu cewa kwamfuta ta raba gardama, ku ma ku saurara. An taɓa bar wa wani ɗan bautar ƙasa shigar da makin jarrabawa a kwamfutarsa ta hannu, ya gama shekararsa ya tafi da ita garinsu. Filash kuma da zarar ya je shagon buga takardu sau ɗaya, sai addu'a. Nawa tsarin kwafi uku ne: na takarda da sa hannu a kabad, ɗaya a faifan ajiya da ba ya kwana a ofis, ɗaya a imel ɗin makaranta, ba na wani malami ba. Ƙarshen kowane zango ina buɗe su in tabbatar suna buɗuwa.

Ƙananan kurakuran ba sa buƙatar dogon bayani. Ba a goge maki da farin ruwan gyara, a ja layi ɗaya, a rubuta daidai, a sa hannu da kwanan wata. Rasit ɗin POS yana koɗewa, a yi masa hoto tun da zafinsa. A jera fayil da lambar shiga, don Aisha Abubakar ba ɗaya ba ce a makaranta. Fayil ɗin da zai fita, ko shugaba ne ya aiko, a rubuta a littafin fita.

Na ƙarshe, ɗaukar hoton takardar sakamakon aji gaba ɗaya a watsa a zauren WhatsApp na iyaye. Tun 2023 akwai dokar kare bayanan mutane a Najeriya, amma ko babu ita, da wane ido uban da ɗansa ya zo na ƙarshe zai kalli maƙwabta? Haka nan mai zuwa da kyakkyawar shadda ya ce shi kawun wance ne, a ba shi adireshi ko lambar wayar da ke fayil ɗinta. Irin wannan nakan ba shi kujera da ruwa, in ce bari in kira mahaifinta a gabansa. Na bara ko ruwan bai tsaya sha ba.