Babi na Shida: Yadda Ake Zaɓen Injin Kwance Noti Mai Batir

Sannunku da ƙoƙari. Wannan babi na mai mota ne da yake son ya riƙa yi mata ƙananan ayyuka a ƙofar gida, kamar canjin taya da duba birki, ba sai ya yi ta kokawa da sifana yana gumi ba. Ka ɗauko biro da takarda, akwai lambobin da za ka kwafa ka tafi da su kasuwa. Ba sai ka iya Turanci ba. 'Yan haruffa ne kawai za mu koya, kuma a hankali za mu bi.

Darasi na 1: Fara duban bakinsa

Injina uku ne suke kama da juna kamar 'yan ɗaki ɗaya. Duk suna da mariƙi irin na bindiga, duk batir ne a gindinsu. Bakinsu ne ya raba su.

Na farko injin huda ne. Bakinsa yana da haƙora uku masu buɗewa da tsukewa. Ba shi muke nema ba. Na biyu na ɗaure sukuru ne a jikin katako ko kwano. Bakinsa ɗan rami ne mai kusurwa shida, a kwalinsa an rubuta Impact Driver. Shi ma ba shi ba ne, ko da mai kanti ya ce ai duk ɗaya ne. Na uku shi ne namu. Bakinsa ba rami ba ne, guntun ƙarfe ne mai kusurwa huɗu ya fito waje, kamar dunƙulen magi. A kwalinsa an rubuta Impact Wrench. Ka kwafi kalma ta biyun a takardarka: W, r, e, n, c, h.

A cikinsa akwai ƙaramar guduma da take dukan maƙera sau dubbai a minti ɗaya, wannan dukan ne yake girgiza noti har ya saki. Shi ne ƙarar da kake ji. Iyakar abin da kake bukatar sani game da cikinsa ke nan.

Bakin nan mai kusurwa huɗu girma-girma ne. Za ka ga 3/8, ko 1/2, ko 3/4. Na mota ƙarama shi ne 1/2, wato rabin inci, kusan milimita 13. Ɗaya a sama, layi, biyu a ƙasa. Mai 3/8 ya fi dacewa da ƙananan notika na cikin inji, mai 3/4 kuma na tirela da tifa ne.

Darasi na 2: Lambar da za ka nema a jikin kwali

A nan ne masu koyo suka fi tuntuɓe, saboda haka za mu daɗe a nan. Kada ka ji kunya idan sai ka karanta sau uku.

A jikin kwali akwai lambobi da yawa. Wadda aka fi rubutawa da manyan baƙaƙe ita ce mai harafin V a bayanta, kamar 18V ko 20V. Harafin V shi ne mai kama da yatsu biyu da aka ɗaga aka ware. Wannan lambar ta wutar batir ce. Ba ita ce take faɗa maka ƙarfin murɗawar inji ba.

Lambar ƙarfin murɗawa ita ce mai haruffa biyu a bayanta: N babba da m ƙarama, wato Nm. Rubuta su yanzu. N babba, m ƙarama. Sau da yawa a gefen kwali take ko a baya, da ƙananan baƙaƙe. Juya kwalin ka nemo ta. Idan ka zagaye kwali duka, ka buɗe takardar ciki, ba ka ga Nm ba, ajiye shi. Wanda ya ɓoye ƙarfin injinsa ya san dalilinsa.

To, nawa ya kamata ta kasance? Notin tayar Toyota Corolla da Camry ana ɗaure shi da ƙarfin 103 Nm. Na Honda Accord da Civic 108 Nm. Yawancin ƙananan motoci suna tsakanin 90 zuwa 140. Sai mutum ya ce, ashe inji mai 150 ma ya isa. Bai isa ba. Notin da ya shekara yana shan ruwan damina da ƙurar hunturu ya kama tsatsa. Ga kuma wanda mai faci ya zura wa sifana dogon bututu ya hau kai da ƙafa ya danna. Irin wannan notin yana iya neman ninki biyu ko uku na ƙarfin da aka tsara masa kafin ya motsa.

Saboda haka ka riƙe wannan:

Ƙasa da 250 Nm, zai yi ta ƙara noti yana kallonsa.
Daga 300 zuwa 500 Nm, shi ne daidai mai ƙaramar mota, domin taya da birki.
Daga 600 zuwa 700 Nm, na mai Hilux ko bas ne, ko wanda zai taɓa babban notin shaf da ƙafafun mota.
Daga 1000 Nm zuwa sama, na gareji ne. Yana da nauyi, da batir yakan kai kilo 3 ko fiye, ga tsada, kuma a hannun sabon koyo cikin ƙiftawar ido zai karya ƙarfen da noti yake hawa.

Wani kwalin zai nuna maka Nm guda biyu, ƙarama da babba. Ƙaramar ta ɗaurewa ce, babbar ta kwancewa. Misali, Makita DTW300 yana da 330 Nm na ɗaurewa da 580 Nm na kwancewa. Lambobin da muka jera a sama na ɗaurewa ne, wato ƙaramar. Idan za ka gwada injina biyu, ka gwada ƙarama da ƙarama. Kada ka ɗauki babbar wancan ka haɗa da ƙaramar wannan.

Kayan da suka fito daga Amurka sukan rubuta ft-lb a maimakon Nm. Lissafin ba wuya. Raba lambar gida uku, ka ɗauki kashi ɗaya ka ƙara mata. Idan an rubuta 300 ft-lb, kashi ɗaya cikin uku shi ne 100, ka ƙara ya zama 400. To kusan 400 Nm ke nan.

Mu koma kan V, domin ita ce take ruɗin mutane. 18V da 20V abu ɗaya ne. Ƙwayoyin batir biyar ne a jere a ciki. Wani kamfani yana auna su a lokacin da suka cika da caji ya rubuta 20, wani yana auna su a tsakiyar aiki ya rubuta 18. Kada ka ƙara ko kwabo saboda wannan. Akwai kuma masu araha da za ka ga an rubuta musu 48V, 88V, har sama da haka. Ka ɗaga batirin a hannu, girmansa ɗaya da na 18V, wani lokacin ma ya fi shi sauƙin nauyi. Rubutu ne kawai a jikin roba.

Yanzu gwada kanka. Ga kwalaye uku:

Na ɗaya: 88V, 1/2, babu Nm.
Na biyu: 20V, 1/4, 170 Nm.
Na uku: 18V, 1/2, 330 Nm.

Wanne za ka ɗauka? Rufe amsar da hannu ka yi tunani tukuna.

Amsa ita ce na uku. Idan ka zaɓi na ɗaya, V ce ta sake jan idonka, koma farkon darasin. Haba jama'a, sau nawa za a faɗa? Duk ajin da aka yi wannan tambaya sai an sami masu nuna 88, wai ta fi yawa. Kuɗin guminka ne za ka kai kasuwa. Ba V ake dubawa ba. N babba, m ƙarama. Sake rubuta su a takardarka, ka ja musu layi biyu a ƙasa.

Ko lambar Nm ɗin ma wani lokaci ƙarya ake shararawa, musamman a kan inji marar sunan kamfani. Maganin wannan shi ne ka je da motarka, ko a Ƙofar Ruwa ne a Kano ko Panteka a Kaduna ko kasuwar garinku. Ka ce wa mai kanti, "Alhaji, a gwada mini a kan tayata kafin in biya." Idan ya kwance noti biyu ko uku ba tare da wahala ba, madalla. Ka mayar da su ka ɗaure kafin ka tashi motar.

Darasi na 3: Batir da caja

A jikin batir akwai wata lamba mai A babba da h ƙarama, wato Ah. Ita ce girman tankin batir. Mai 2.0Ah zai canja taya, amma da wuri yake gajiya, kuma a kan noti mai tauri ƙarfinsa yakan faɗi. Nemi 4.0Ah ko 5.0Ah. Na gaske mai 5.0Ah ya fi rabin kilo nauyi. Idan ka ɗaga ka ji shi sakayau, ba haka yake ba.

Galibi batirin kamfani ɗaya ba ya shiga injin wani. Na Makita ba zai zauna a DeWalt ba, na Ingco ba zai zauna a Bosch ba. Kafin ka saya ka tambaya ko ana samun batirin wannan kamfani shi kaɗai a garinku, domin batir ne yake riga inji mutuwa. Ka kuma tambaya ko kuɗin da aka faɗa maka har da batir da caja, saboda akwai kwalin da inji ne tsura a ciki.

Sai caja. Juya ta ka duba bayanta. Wutar Nijeriya da Nijar tana tsakanin 220 da 230. Cajar da aka yi domin Amurka 120V ce aka rubuta mata. Idan ka soka ta kai tsaye a bango, nan take za ta ƙone. Nemi mai 220-240V, ko mai 100-240V. Idan mai 120V ce kaɗai, sai da tiransifoma mai rage wuta. Masu sayen na hannu da aka shigo da shi daga waje, da ku ake.

Idan ka ga kalmar Brushless a jikin inji, ma'anarta ba shi da gawayin da yake cinyewa a ciki. Ya fi tsada, amma ya fi jure zafi kuma bai cika shan batir ba. In aljihu ya yarda, shi ya fi.

Ka tuna, duk wannan bayan ka riga ka ga Nm ne.

Darasi na 4: Soket

Soket shi ne kofin ƙarfen da ake sa wa a bakin inji ya kama noti. Saya baƙi mai kauri, wanda aka rubuta wa Cr-Mo. Fari mai ƙyalli na hannu ne, dukan inji yana iya tsaga shi ya yi tsalle ya sami ido. Yawancin Toyota lamba 21 ne, Honda 19, Golf 17. Waɗannan ukun sun ishe ka farawa. Idan rim ɗinka na alminiyam ne mai matsattsen rami, nemi soket dogo mai siririn baki.

Darasi na 5: Ranar da za ka fara aiki da shi

Ja birkin hannu, ka sa dutse a bayan taya. Idan za ka sa hannu ko kai a ƙarƙashin mota, kada ka dogara da jak kaɗai, sa mata abin tokare mai ƙarfi. Sa tabarau.

Kusa da kunamar injin akwai ɗan maɓallin da ake turawa dama ko hagu. Danna kunamar a iska ka ga inda bakin yake juyawa. Hagu kwancewa, dama ɗaurewa. Idan noti ya yi daƙiƙa 5 bai motsa ba, saki. Fesa masa man cire tsatsa, ka jira minti 10.

Wajen mayarwa, fara ɗaura kowane noti da yatsunka, zagaye uku ko huɗu. Idan ka fara da inji alhali notin ya hau a karkace, zaren zai cinye. Bayan haka ka sa injin a kan gudu mafi ƙanƙanta, da zarar noti ya taɓa rim ka tsaya. Kada ka bi su a jere, riƙa tsallake ɗaya, irin zanen tauraro. Sauke motar, ka ƙarasa da sifana mai awo, wadda take yin ƙas idan an kai lambar da ka saita. Lambar tana cikin littafin motarka. Injin nan bai san 103 ba, shi dai duka ya sani. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 ka sake bin notikan da sifanar.

Darasi na 6: Inda ba a sa shi

Kada ka kai shi kan filogi, ko notin zubar da baƙin mai, ko notin taya mai makulli. Waɗannan da hannu ake yinsu.

Darasi na 7: Ajiya

Cire batir bayan aiki, ka goge ƙura. Kada ka bar batir a cikin mota a rana. Idan ya yi zafi, bari ya huce kafin ka sa shi caji.