Kurakuran da aka fi yi wajen koyar da kimiyyar halittu a kwaleji

A kwalejoji da dama na Maradi da kewayenta, darasin kimiyyar halittu, wanda ɗalibai suka fi sani da SVT, yakan fara ne da malami ya cika allo da taƙaitaccen bayani cikin Faransanci, yara su kwafa a littafi, su tafi gida su haddace. Wannan ne kuskure na farko, kuma sauran daga jikinsa suke tsirowa. Ba na ɗora wa malami laifin duka, domin wanda ke gaban aji cike maƙil, babu ɗakin gwaji, ga jarrabawar kammala kwaleji, wato BEPC, tana tafe, dole hanya mafi sauri ta ja hankalinsa. Sai dai yaron da ya haddace shafi guda ba tare da tuntuɓe ba, idan aka yi masa tambayar da Hausa, yakan koma kan abin da ya taso da shi a gida, tamkar ba a taɓa yin darasin ba.

Kuskure na biyu shi ne shiga darasi ba tare da an ji abin da yara suka riga suka yarda da shi ba. A tambayi ƴan aji daga ina ƙwaron wake yake fitowa, za a ji da yawa sun ce waken ne ke haifar da shi idan ya daɗe a ajiye. Ba wauta ba ce: yaron ya ga an ɗaure buhu babu ƙwaro ko ɗaya, bayan wata biyu ya ga an kwance shi yana motsi. Abin da bai gani ba shi ne tamatar ƙwaron tana yin ƙwai a jikin kwanson wake tun a gona, ko a jikin ƙwayar a wurin ajiya, tsutsar ta huda ta shiga ciki ta ci ta girma, sannan ta fito ta ƙaramin ramin nan da kowa ya sani. Gyaran shi ne malami ya rubuta amsoshin yara a allo ba tare da ya kushe kowa ba, ya raba musu waken da ya fara hujewa, su nemo fararen ƙwayayen da ke manne a fatarsa, su fasa wasu su ga tsutsar da idonsu. Daga nan sai a ɗauki wake mai tsabta da aka ɗumama a kasko har duk abin da ke cikinsa ya mutu, a raba shi kwalba biyu, a saka ƴan ƙwari a ɗaya kaɗai, a rufe bakin kowace da ƙyalle, a jira kamar wata guda. Irin gwajin da masanin kimiyya Francesco Redi ya yi ke nan a Italiya a 1668 da nama da ƙudaje. Yaron da ya bi wannan hanya zai gane da kansa dalilin da ya sa buhu mai ninki uku, wanda manoma ke kira PICS, yake kare wake ba tare da magani ba: ƙwaro ma numfashi yake yi, idan iska ta ƙare masa sai ya mutu.

Kwalba ta biyun nan, wadda ba a saka wa ƙwari ba, tana da muhimmanci, domin kuskure na uku shi ne gwaji da abu ɗaya tilo. Malami ya shuka hatsi a gwangwani guda, ya ba shi ruwa, ya tsiro, sai a rubuta cewa iri yana buƙatar ruwa. Ba a tabbatar da komai ba, sai an ajiye wani gwangwanin a gefensa, da ƙasa iri ɗaya da iri ɗaya, ruwa kaɗai aka hana shi.

Akwai kuma kuskuren da ke fitowa daga bakin malami kansa, wato cewa taki abincin shuka ne. Maganar ta yi daidai a gona, amma a aji tana toshe hanyar fahimta, domin yaro zai ɗauka cewa bishiya ƙasa take ci. Tun a ƙarni na 17, wani masanin kimiyya mai suna van Helmont ya raini wata bishiya a tukunya shekara 5, nauyinta ya ƙaru da kusan kilo 74, alhali ƙasar ba ta ragu da ko giram 60 ba. Shuka tana haɗa abincinta ne a ganye, daga ruwa da iskar kabon da hasken rana. Abin da saiwa ke ɗaukowa a ƙasa ruwa ne da ma'adanai. Haka nan a daina cewa shuka da dare kaɗai take numfashi. Dare da rana take yi, sai dai da rana aikin haɗa abinci yana rinjayar sa.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne barin abin da ke bakin ƙofa a koma ga zanen littafi. Ana komawa makaranta a watan Oktoba, kaka tana tsaka, amma sai a bari har gonaki su bushe kafin a zo kan darasin tsirrai. Da malami zai sa a tumɓuko gujiya ko wake mai sauran ɗanye a makon farko, da yara sun ga ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwa, inda ƙwayoyin bakteriya ke zaune suna kama sinadarin naitirojin daga iska, su gane hikimar iyayensu ta haɗa wake da hatsi a gona guda. Da rani akwai lambunan bakin Gulbi. Akwai kuma gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, ya bar hatsin da ke gindinsa ya sami haske da taki. Sassaben zamani, wato rainon tohon kututture a gona, a wannan jiha ya kafu a shekarun 1980, don haka bai kamata yaron Maradi ya koyi darasin muhalli da dajin wata nahiya ba.

A darussan lafiya, kalma guda tana iya ɓata aikin mako. Idan aka ce sauro ne ke kawo zazzaɓin cizon sauro aka tsaya nan, yaro ba zai bambance mai ɗaukar cuta da cutar kanta ba. A faɗa masa cewa tamatar sauron anofilis ce ke ɗauko ƙwayar cutar daga jinin mai ita ta kai wa mai lafiya. Amosanin jini ya fi wannan buƙatar kulawa. Malamai kan ce idan uba da uwa duka nau'in jininsu AS ne, wato suna ɗauke da gadon ciwon ba tare da ya kama su ba, ɗaya cikin ƴaƴa huɗu zai zama SS, wato mai ciwon, yara kuma su fahimci cewa idan na fari ya kamu, ukun da ke biye sun tsira. Ba haka ba ne, kowane ciki da nasa rabon, ɗaya bisa huɗu. A kawo ƙwarya biyu, ɗaya ta uba ɗaya ta uwa, a zuba farin wake a matsayin A da jan wake a matsayin S daidai wa daida a kowace, yaro ya rufe ido ya ɗauki ɗaya daga nan ɗaya daga can, a rubuta, a mayar, a maimaita sau arba'in. Za su ga ja da ja na iya fitowa sau biyu a jere, ko a daɗe bai fito ba. Kada malami ya tambayi kowane yaro nau'in jininsa a gaban aji, domin mai yiwuwa a cikinsu akwai wanda ke fama da ciwon, ko wanda ya rasa ƙani ta dalilinsa.