Jan Tirelar Dawaki Daga Ngaundare Zuwa Kuseri: Yadda Za Ka Hana Ta Tangaɗi

Tirelar dawaki ta bambanta da ta buhuna. Buhu inda ka ajiye shi nan za ka same shi, doki kuwa a tsaye yake, nauyinsa yana sama, kuma duk kwanar da ka sha sai ya gyara tsayuwa. Ingarma biyu masu kilo 350 kowanne, idan suka karkata gefe ɗaya lokaci guda, kilo 700 ke nan ya motsa a bayanka. Tangaɗin da tirela take yi a kan kwalta, tana kaɗa baya dama da hagu har ta ja motar, kusan kullum tun daga gida ake ɗauko shi: lodi ya koma baya, ko taya ba iska, ko ƙugiyar da ke haɗa ta da mota ta yi sama, sannan gudu ya zo ya ƙarasa aikin.

Lissafin nauyi

Fara da farantin ƙarfe da ke jikin tirela da kuma littafin motarka. Tirelar dawaki biyu ƙirar Turai takan kai kilo 800 zuwa 1,100 ba kowa a ciki. A ce taka kilo 900 ce. Ƙara dawaki biyu, 700, sai sirdi da linzami da harawa da jarkokin ruwa, 100. Ka tashi da kilo 1,700. Wannan adadi shi za ka gwada da abin da kamfanin motar ya yarda ta ja. Hilux da Land Cruiser suna iya wannan lodi, amma iyakar ta bambanta daga ƙira zuwa ƙira, don haka littafin za ka duba. Adadi biyu ne a ciki: na tirela mai birki, da na wadda ba ta da birki, wanda bai wuce kilo 750. Tirelar dawaki da doki ɗaya ma ta haye wannan, saboda haka birkin tirela dole ne. Haka kuma a Kamaru tirelar da ta wuce kilo 750 tana neman lasisin rukunin E, kuma jandarma suna da damar tambayar ka.

Mota mai nauyi, mai tazara tsakanin tayoyin gaba da na baya, ta fi riƙe tirela. Ƙaramar mota ko da injinta yana da ƙarfin ja, idan tirelar ta fi ta nauyi, ranar da aka samu matsala tirelar ce za ta yi tuƙin.

Nauyin da ke kan ƙugiya

Nan ne gaɓar maganar. Wani kaso na nauyin tirela dole ya sauka a kan ƙwallon ƙugiyar mota, ya danne ta ƙasa. Idan ya yi kaɗan, tsakiyar nauyi ta koma kusa da aksul, wato ƙarfen da ke riƙe tayoyi, ko bayansa, sai bayan tirela ya zama kamar lilon yara: ɗan turi kaɗan, ya tafi ya dawo, kowace dawowa ta fi ta baya. Idan kuma ya yi yawa, bayan mota ya zauna, gaba ya ɗaga, sitiyari ya yi sakwa-sakwa, birkin gaba ya rage kamu.

Tirelar Amurka an ƙera ta don kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinta ya hau ƙugiya. Ta Turai kashi 4 zuwa 7 ne, kuma an rubuta iyaka a jikin ƙugiyar mota da bakin tirela, wanda ya fi ƙanƙanta a cikin biyun shi za ka bi. A misalinmu na kilo 1,700, tirelar Turai tana son kilo 68 zuwa 119 a kan ƙwallo.

Ga yadda ake aunawa. Kada ka taɓa kwance tirela daga mota da doki a ciki, don haka buhunan siminti za su tsaya a madadinsa. Buhu bakwai masu kilo 50 doki ɗaya ke nan. Doki ya fi ɗora nauyi a ƙafafun gaba, wajen kashi 60, sai ka sa buhu huɗu inda ƙafafun gaba suke tsayawa, uku inda na baya suke. Tare tayoyin da duwatsu a wuri mai shafe. Yanki katako mai kauri, ka tsayar da shi a kan sikelin awon mutum, ka sauke bakin tirela a kansa, tsayin duka ya zo daidai da tsayin ƙwallon motarka. Karanta abin da sikeli ya nuna. In ya gaza, jarkokin ruwa da sirdi su koma gaba. In ya wuce, a kwashe su zuwa cikin mota.

Tirelar da masu walda suka haɗa a gari tana buƙatar wannan awo fiye da kowace. Aikin ƙarfensu yakan yi ƙwari, amma sau da yawa sukan sa aksul a tsakiyar akwati cif, don ido ya ga kyau. Wurin da ya dace shi ne a bar kusan kashi 60 na tsawon akwatin a gaban aksul, 40 a bayansa. Tirelar da aka kuskure mata wannan, gyaran lodi ba zai warkar da ita ba, sai an koma gareji an matsar da aksul baya. Kuɗin waldan bai kai kuɗin ƙafar doki ɗaya ba.

Ɗaurawa

Ƙwallon Turai milimita 50 ne. Na Amurka akwai inci 2, akwai kuma babba mai kusan milimita 59. Bakin tirela mai neman babban ƙwallo zai zauna a kan ƙarami kamar ya kama, sai an faɗa rami ya tsallake ya fita. Duba lambar da aka buga a jikin kowanne. Bayan ka kulle, juya tayar tsayuwa ta gaba kamar za ka ɗaga tirelar: idan bayan mota ya fara tashi tare da ita, ya kama. Sannan ka naɗe tayar sama ka ɗaure ta tamau.

Ja da baya ka kalli mota da tirela daga gefe. Ƙasan tirela ya zama a miƙe, ko gaba ya ɗan sunkuya kaɗan. Motocinmu da yawa an ɗaga su saboda hanyoyin daji, sai ƙugiya ta yi sama, hancin tirela ya kalli sama. A tirela mai aksul biyu wannan yana tara lodi a kan aksul na baya, tayoyinsa su yi zafi, tangaɗi kuma ya samu ƙofa. Maganinsa ƙugiya mai saukowa ƙasa.

Idan tirelarka mai sarƙoƙi biyu ce, a gicciya su a ƙarƙashin bakin, ta dama ta je hagu, ta hagu ta je dama, don in ya fita su tare shi kafin ya caki kwalta. Siririyar wayar birkin gaggawa a maƙala ta a jikin ƙarfen mota, yadda in tirela ta ɓalle wayar za ta ja birki. Sa yaron mota ya tsaya a baya ya faɗa maka fitilar birki da sigina duka suna kamawa.

Taya, boris da daɓe

Tayar tirela ba ta cika cinyewa ba, tsufa ke kashe ta, tana ajiye a rana daga wannan sallah zuwa waccan. A gefenta akwai lamba huɗu: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Wadda ta wuce shekara shida a sauya ta ko da zanenta yana nan, balle wadda gefenta ya tsattsage. A auna iska da safe kafin taya ta yi zafi, a kai ta adadin da ke kan farantin tirela, tayoyin bayan mota kuma a kai su adadin cikakken lodi da ke rubuce a bakin ƙofar direba. Taya mai ƙarancin iska gefenta yana lanƙwasa, wannan kaɗai ya isa ya tayar da tangaɗi. In ka auna a tsakiyar hanya ka ga iska ta ƙaru, zafi ne, kada ka bari mai faci ya rage.

Ɗaga kowace taya da jak ka girgiza ta. In tana ƙwas-ƙwas, boris ya saki, a buɗe a sa giris ko a sauya. Bayan an kwance taya, a sake ɗaure notuna idan an yi kilomita 50.

Ɗaga tabarmar roba ka caki katakon daɓe da sukudireba, musamman baya da kusurwoyi inda fitsari yake kwanciya. In ya nutse, katakon ya ruɓe. Ƙafar doki ta huda daɓe ana cikin gudu, babu wanda zai ji daga gaban mota.

Shigar da doki

A Kamaru da Chadi dama ake bi, kwalta kuma tsakiyarta ta fi gefe tudu don ruwa ya gangare. Saboda haka doki ɗaya hagu ake sa shi, ɓangaren direba. In biyu ne, mai nauyin ya tsaya hagu. Doki ya shiga, a fara kulle sandar baya, sannan a ɗaure ragama. Wajen fita a juya: a kwance kai tukuna, sannan a buɗe sandar. Dokin da ya ja baya kansa a ɗaure zai iya karya wuya ko ya tsinke igiya ya faɗo. Ɗaurin ya zama zarge mai kwancewa da ja ɗaya, igiyar kuma ta bar shi ya iya sauke kai kaɗan. A cire sirdi da linzami, ba a sa dabaibayi, domin da buɗe ƙafafu yake tsare kansa. Ingarma biyu da ba su saba ba, a sa allo tsakanin kawunansu. Mutum ba ya zama cikin tirela ana tafiya.

A kan hanya

Kilomita 70 a awa ya isa a kwalta mai kyau, 80 shi ne ƙarshe. Kowace tirela tana da gudun da in ta wuce shi, ƙaramin girgiza ba ya mutuwa da kansa, ƙaruwa yake yi. Bar tazarar daƙiƙa biyar tsakaninka da na gaba. Rage gudu kafin kwana, ka shige ta a hankali, kada ka taka totur sai tirelar ma ta miƙe. Tudun rage gudu na shigar ƙauyuka a hau shi da giya ɗaya.

Manyan motoci da ke jigila zuwa Njamena, da na auduga a lokacin kaka, idan suka zo wuce ka iskarsu takan tura bayan tirela waje, sannan ta zuƙo ta ciki. Kana ganin su a madubi, ka ɗan matsa dama, ka sassauta totur tun kafin su iso, hannu biyu a sitiyari. Iskar hunturu a filin Waza da kan gadar Binuwai a Garwa ita ma haka take bugun gefen tirela.

Gangaren dutsen da ke arewa da Ngaundare, hanyar Mbe, shi ne wurin da ya fi neman natsuwa. A gangara tirela turo mota take yi, kuma a wannan hali ta fi saurin kaucewa layi. Sa giya biyu tun daga sama, injin ya riƙe. Taka birki da ɗan ƙarfi, ka saki ya huce, ka sake takawa, kada ka ɗora ƙafa a kansa har ƙarshen gangarar. Tirelar Turai birkinta yana kamawa ne idan ta turo mota, to a doguwar gangara yana aiki ba hutu. Kana sauka ka tsaya, ka kai bayan hannu kusa da kowace taya. Wadda ta fi sauran zafi sosai, ko take warin ƙuna, birkinta ya riƙe ko boris ya fara ci.

Tsakanin Mora da Kuseri ramuka ne abokan gaba. Kauce wa rami da fizgar sitiyari ya fi shiga ramin haɗari. Rage gudu tun daga nesa.

Idan tangaɗi ya fara

Za ka ji bayan mota yana ja dama da hagu, a madubi kuma ka ga gefen tirela yana leƙowa yana ɓuya. Riƙe sitiyari a miƙe, kada ka bi ta kana gyarawa, domin hannunka kullum zai makara, kowane gyara ƙara mata ƙarfi yake. Ɗage ƙafa daga totur a hankali, gudu ya sauka da kansa. Kada ka danna birkin mota da ƙarfi, tirela za ta turo ta naɗe a gefen motar. Masu cewa a ƙara wuta don ta miƙe, kada ka saurare su, gudun ne ya kawo ta nan. Idan tirelarka mai birkin lantarki ce, da maɓalli kusa da sitiyari, matsa shi a hankali da hannu: birkin tirela kaɗai zai kama, ya ja ta ta miƙe. Ta lafa, ka nemi wuri ka tsaya, ka duba dawaki, iskar taya, ƙugiya da inda kaya suka koma. Sauran tafiyar a yi ta ƙasa da gudun da abin ya faru.

A watan Maris zuwa Mayu zafin Garwa da Marwa yana wuce digiri 40, cikin tirelar ƙarfe kuma ya fi haka. A tashi bayan sallar asuba, tagogi a buɗe, a tsaya duk awa uku a inuwa. A ba su ruwa daga jarkar gida, domin wasu dawakin ba sa shan ruwan da ba su saba da ɗanɗanonsa ba, a kuma sassauta ragama su sauke kai ƙasa su fyace ƙurar da suka shaƙa. Dokin da aka ɗaure kansa sama awanni da yawa yakan kamu da ciwon huhu, zazzaɓin kan fito kwana ɗaya zuwa uku bayan isowa. In ka ga ya ƙi dusa, yana numfashi da sauri, ko majina tana zuba, kira likitan dabbobi a ranar, kuma kada a hau shi.