Kafin ku sake sayen glucosamine

Masu shan glucosamine saboda ciwon gwiwa, ku sa masa wa'adi: wata 3.

Ranar farawa, ku rubuta yadda ciwon yake, daga 1 zuwa 10, musamman wajen hawa bene da tashi daga zaune. Ku riƙa shan miligiram 1,500 kullum, ku sake rubutawa duk mako. In wa'adin ya cika lambar ba ta sauka ba, ku daina saya.

Ciwon gaɓɓai yakan lafa ya dawo da kansa, sai mutum ya ɗauka ƙwayar ce ta yi aiki. Wani babban bincike mai suna GAIT da aka wallafa a Amurka a 2006 bai ga glucosamine ya fi ƙwayar da ba magani a cikinta ba ga yawancin mutane. Ba ya kuma dawo da guringuntsin da ya riga ya zaizaye, kome aka rubuta a kwalin.

Mai shan warfarin (maganin hana daskarewar jini) kada ya gwada glucosamine sai da izinin likita, haɗa su yana iya jawo zubar jini. Haka wanda jikinsa ba ya karɓar ƙaguwa ko jatan lande, don daga ɓawonsu ake yawan yin sa. In gwiwar ta kumbura tana zafi, ku tafi asibiti.