Yadda ɗalibai za su yi hutun mako ɗaya a Akra da kuɗi kaɗan

Da zarar an ce fita waje, hankalin yawancin ɗalibanmu Dubai yake tafiya ko Istanbul, sai lissafin biza da kuɗin jirgi ya kashe maganar tun ba a yi nisa ba. Ga Akra kuwa, babban birnin Gana, wanda ɗan Najeriya zai shiga ba tare da biza ba, mota za ta kai shi, ya tarar da teku da gidajen tarihi, ya kuma tarar da unguwannin da zai yi ciniki da Hausa. Kakanninmu fatake sun san wannan ƙasa tun zamanin fataucin Gwanja, lokacin da suke zuwa Salaga sayen goro, kuma zangunan da suka kafa suna nan har gobe. Ina ganin babu birnin waje da ya fi Akra dacewa da fitar farko ta ɗalibin da aljihunsa bai da nauyi. Ga yadda za ku shirya.

Ku fara da maganar kuɗi, kuma ku yi ta a fili

Irin wannan tafiya ba kan iyaka ba ne ke lalata ta, kunya ce. Abokai su taru su yi ta zumuɗi, amma babu mai iya buɗe baki ya ce ga iyakar abin da yake da shi. Sai an isa can, wani yana son tasi wani yana lissafin kuɗin bas, wani ya shiga gidan abinci mai tsada wani ya ce ai shi a ƙoshe yake alhali yunwa na cin sa. Haka ake dawowa gida ba a ga maciji da juna.

Saboda haka zaman farko na kuɗi ne. Kowa ya faɗi abin da zai iya tarawa, sannan a gina tafiyar gaba ɗaya a kan ƙarfin wanda ya fi kowa ƙarancin hali. Mai abin hannu ba ya rasa komai idan ya hau bas, amma marar shi idan aka ja shi inda ya fi ƙarfinsa, da bashi zai dawo.

Mutum huɗu ya fi daidai. Kun cika tasi ɗaya, kun raba ɗaki biyu, kuma idan biyu sun gaji biyu za su iya fita tare. Da kun kai bakwai ko takwas, rabin yini zai riƙa tafiya wajen jiran wanda bai gama shiri ba.

Ku kasa kuɗin gida uku. Na farko asusun gayya, wanda kowa zai zuba daidai wa daida, daga ciki za a biya mota da masauki da abinci da kuɗin shiga wurare. Na biyu na aljihun kowa, don tsaraba da kwaɗayi, babu ruwan wani da shi. Na uku na ko-ta-kwana, kamar kashi ɗaya cikin biyar na jimillar kuɗin, wanda ba a taɓa shi sai rashin lafiya ko ɓatan kaya. Ku zaɓi ma'aji, mutumin da ba ya jin nauyin cewa a'a, ya riƙa rubuta duk abin da ya fita yana turawa a zauren WhatsApp ɗinku kowane dare. Idan da sauran watanni kafin hutu, adashi tsakaninku shi ne hanya mafi sauƙi ta tara kuɗin, da sharaɗin ba mai kwasa, ana ajiyewa ne har ranar tafiya. Ku kuma yanke tun yanzu abin da za a yi idan wani ya fasa bayan an biya tikiti.

Takardu da izinin gida

Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasar da ke cikin ƙungiyar damar zama har kwana 90 a wata ƙasar ba tare da biza ba. Abin da ake buƙata fasfo ne mai sauran wa'adi, gara ya haura wata shida. Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, don haka mai fasfon Nijar ya tuntuɓi ofishin jakadancin Gana kafin ya biya kuɗin komai.

Takarda ta biyu ita ce katin rigakafin cutar shawara, katin nan mai ruwan ɗorawa, wanda ofisoshin lafiya na tashoshin shiga ƙasa ke bayarwa. Ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, amma allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Kada ku yarda da mai cewa zai samo muku kati ba tare da allura ba. Cutar gaskiya ce, tana kisa.

Ku tafi da katin shaidar makaranta. A manyan wuraren tarihin Gana baƙo ya fi ɗan ƙasa biya, amma ɗalibi yana samun rangwame idan ya nuna shaida. Ku ɗauki hoton duk takardun nan a waya, ku kuma bar kwafi a gida.

Kada kowa ya tafi a ɓoye. Ku sanar da iyaye ranar tashi da ranar dawowa da sunan masauki, ku ba su lambobin juna. Iyaye sun fi sakin jiki idan suka ga tsari a rubuce.

Lokacin tafiya

Ku guji watan Disamba. Lokacin ne 'yan Gana mazauna waje da masu zuwa bukukuwa ke cika birnin, kuɗin ɗaki ya yi tashin gwauron zabo. Daminar Akra ta fi ƙarfi daga Afrilu zuwa Yuni, kuma wasu unguwanni na yin ambaliya. Agusta akwai sanyi-sanyi da ƙarancin ruwa, ga shi ya kan dace da dogon hutu. Fabrairu ma ba laifi, sai dai zafi.

Hanya

Jirgi daga Legas kamar awa ɗaya ne, amma kuɗinsa zai iya cinye rabin asusunku. Mota ita ce ta ɗalibi. Daga Kano ko Kaduna ku hau motar dare zuwa Legas, ku kwana ɗaya ku huta wurin ɗan'uwa idan akwai, kada ku haɗa gajiya biyu.

Daga Legas zuwa Akra bai kai kilomita 500 ba, amma kan iyaka uku ne a tsakani: Seme tsakanin Najeriya da Benin, Hilakondji tsakanin Benin da Togo, sai Aflao da ke manne da birnin Lome. Wannan ne ke sa tafiyar ta cinye yini guda. Hanya biyu ce. Ko dai ku hau babbar bas ta kamfani mai zuwa Akra kai tsaye, wadda galibi ke tashi da asuba, ma'aikatanta kuma su taimaka wajen buga hatimi a kowace iyaka. Ko kuma ku yi ta guntu-guntu: Mile 2 zuwa Seme, Seme zuwa Kwatano, daga nan Lome, ku taka da ƙafa ku tsallaka Aflao ku hau motar Akra. Ta biyun ta fi araha a takarda, amma ga wanda bai taɓa bin hanyar ba, abin da zai kashe a hannun 'yan kamasho da masu canji zai iya haura rarar da yake nema. A fitar farko ku bi bas ta kamfani.

A kan iyaka, fasfo ba ya shiga hannun kowa sai jami'i mai kaki ko ma'aikacin motarku. Ku duba da idonku an buga muku hatimin fita da na shiga, domin rashinsa zai zame muku matsala ranar dawowa. Kada ku karɓi saƙon kowa ku tsallaka da shi, komai ƙanƙantarsa, komai kamalar mai roƙon. Kada kuma a sa tufafi masu kama da kakin soja, Gana ba ta yarda farar hula ya sa su ba.

Bayan Aflao akwai tafiyar awa uku zuwa huɗu. Ku nemi kujerar taga saboda gadar Sogakope, inda za ku tsallaka kogin Volta. Agogon Togo da Gana yana bayan na Najeriya da awa ɗaya, sai a kula wajen lokutan salla.

Canji

Kuɗin Gana sidi ne, Benin da Togo kuwa sefa. Ku riƙe 'yar sefa kaɗan don ruwa da abincin hanya. A Aflao ku canza abin da zai kai ku masauki kawai, sauran ku bari sai wuraren canji masu lasisi a cikin Akra. Ku duba farashin ranar a waya kafin ku miƙa kuɗi, ku ƙirga a gaban mai canjin. Kada ku dogara da katin banki na naira shi kaɗai. Kuma kada kuɗin gayya su zauna a jaka ɗaya, a raba su jikin mutum biyu.

Masauki

Osu da Cantonments da East Legon na masu hali ne. Ku nemi ƙaramin gidan baƙi a Adabraka ko Kokomlemle ko Asylum Down, unguwannin da ke kewaye da shataletalen Kwame Nkrumah, wanda kowa ke kira Circle. Daga nan akwai mota zuwa kusan ko'ina, kuma Nima ba nisa. Ku kama kwana biyu kacal tun daga gida, in kun ga wurin ya yi muku sai ku yi cinikin sauran kwanakin baki da baki, ya fi sauƙi. Ɗaki mai fanka ya isa. Ku duba ruwa da makulli da gidan sauro kafin ku biya. Idan tafiyar ta haɗa maza da mata, kowane ɓangare da ɗakinsa, a kuma saka wannan cikin lissafi tun farko.

Ci da zirga-zirga

A nan zango zai yi muku rana. A Nima da Mamobi da Sabon Zango ana jin Hausa a kasuwa da masallaci, ko da yake za ku ji ta ɗan bambanta da ta gida. Da safe akwai koko da ƙosai. Da rana ku nemi waakye, wato shinkafa da wake da ake zubawa a ganye, a haɗa da taliya da gari da ƙwai da baƙin yajin nan da suke kira shito. Kwano ɗaya zai riƙe mutum har yamma. Da dare ga tuwo da miyar ayoyo, ga masu tsire a bakin titi. Ku ɗanɗani kenkey da soyayyen kifi ko sau ɗaya, shi ne abincin Ga, mutanen da suka kafa birnin. A wajen zango kuwa ku tambayi irin naman da ke cikin miya kafin a zuba, domin ana sayar da naman alade a fili a wurare da yawa. Idan kuna shakka, kifi ya raba gardama.

Motar talaka ita ce trotro, ƙaramar bas mai yaron mota da ke kiran sunan unguwa. Ku riƙe ƙananan kuɗi, ku miƙa da hannun dama, domin mutanen Gana na ɗaukar miƙa abu da hagu a matsayin raini. Da dare ku kira mota ta Bolt ko Uber, tunda ku huɗu ne kuɗin ba zai yi nauyi ba.

Yadda za ku kasa kwanakin

Wuri biyu a yini ya isa. Ranar farko ku yi ta a Nima, ku huta, ku saba da gari. Idan ta dace da Juma'a, ku yi salla a babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda aka buɗe a 2021 da taimakon Turkiyya, mai hasumiya huɗu da ƙubbobi irin na masallatan Istanbul.

Rana ta biyu ta tarihin 'yancin kai ce. Ku je makwancin Kwame Nkrumah, wanda aka gyara aka sake buɗewa a 2023. A wannan fili ne ya yi shelar 'yancin Gana a watan Maris na 1957, kuma a nan aka binne shi tare da matarsa Fathia, 'yar ƙasar Masar. Daga nan da ƙafa za ku isa dandalin Black Star, ba a biyan ko sisi. Ku ƙarasa Jamestown ku ga hasumiyar jiragen ruwa da kwalekwalen masunta. Kusa da nan ne Bukom, unguwar da ta yi suna wajen fitar da 'yan dambe. Ku nemi izini kafin ku ɗauki hoton mutum, kuma kada ku ɗauki hoton barikin soja ko fadar shugaban ƙasa.

Ku ware yini guda cur don Cape Coast. Motar tana tashi daga tashar Kaneshie, tafiyar kamar awa uku, don haka ku yi sammako. Idan kuɗi ya ƙure har sai an soke wani abu, a soke komai amma ban da wannan. Ganuwar Cape Coast, tsohon ginin da Turawa suka riƙa tsare bayi a ciki, na cikin wuraren da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 1979. Za a shiga da ku kurkukun ƙarƙashin ƙasa inda ake cusa ɗaruruwan bayi cikin duhu, a nuna muku cocin da aka gina a samansa, sannan a kai ku ƙofar da ake fitar da su zuwa jirgi, wadda ba a dawowa ta cikinta. Da yawa daga cikin waɗanda aka bi da su ta nan daga arewa aka kamo su, ta kasuwanni irin su Salaga. Ɗalibin da ya karanta cinikin bayi a aji ya kamata ya tsaya a wannan ɗaki da ƙafarsa. Ku yi shiru ku saurari mai jagora, ba wurin raha ba ne. Idan da sauran lokaci da kuɗi, dajin Kakum na kusa, da gadojinsa bakwai na igiya da aka rataya a saman bishiyoyi.

Sauran kwanakin ku sassauta. Ku leƙa Jami'ar Gana da ke Legon, wadda aka kafa a 1948, ku ga ɗakin karatu na Balme, ku yi hira da ɗalibai 'yan'uwanku. Daga Madina akwai trotro zuwa Aburi, kan tudu mai iska, inda lambun itatuwa yake tun 1890. Bakin teku na Labadi ana biyan kuɗin shiga. A nan ina roƙonku da babbar murya: tekun nan yana da igiyar ruwa mai ja, kuma yawancinmu 'yan arewa ba mu iya iyo ba. Ruwa ya tsaya muku a gwiwa.

Kasuwar Makola ku bar ta sai ranar ƙarshe, lokacin da kowa ya san abin da ya rage masa. Atamfa da cakulan na Gana da shito na kwalba tsaraba ce mai sauƙin ɗauka, kuma ana taya kaya kamar yadda ake yi a Kwari. Tikitin komawa kuwa ku saye shi tun washegarin isowarku, ma'aji ya adana, tare da kuɗin motar Legas zuwa gida a cikin naira.